Allina yana gogewa kafin in kai rabin ɗinkin bargo, ya kuke yi ne?

Sabuwar Hannu:

Assalamu alaikum masu ɗinki barkanmu da aiki. Dan Allah taimako nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar bargon kwilt, irin wanda ake haɗa yadin sama da faiba a tsakiya da yadin baya sannan a bi su da ɗinki mai zane. Wanda ke hannuna yanzu babba ne na gado, saman auduga ne shuɗi mai duhu sosai har ya kusa komawa baƙi, zanen da nake so in fitar ganyaye ne masu bin juna suna lanƙwasa a gefe-gefe, tsakiya kuma layuka ne kawai masu gitta juna. Stensil na yanka, wato na huda siffar zanen a jikin roba mai ɗan kauri, na ɗora na bi da farin allin tela tun daga wannan kusurwa har waccan, ya fito ras abin sha'awa, to amma da na fara tura shi cikin keke ina naɗewa ina warwarewa ina juyawa sai kawai naga ganyayen nan suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya, wani wajen ma babu ko alamar an taɓa zana wani abu, allin duk ya koma hannun rigata da kan teburin keken. Kuma yanzu sake zanawa ba ƙaramin aiki bane tunda na riga na haɗa da faiba na soke da fil, in na danna allin sai yadin ya lotsa layin ya fita a karkace.

Tambayata akwai abin da ake yi wa alli ya zauna a jikin yadi har a gama ɗinki, kuma in an gama ya fita ba tabo? Wata ta ce min in fesa masa abin feshin gashi, ni dai tsoro nake ji kar in ɓata yadin. Wata kuma ta ce in rabu da alli kwata-kwata in nemi biron nan da ake gogewa da dutsen guga. Wanne ne gaskiya a ciki dan Allah? Na gode.

Anti Mai Faiba:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ba hannunki bane kuma ba allin ne mara kyau ba, halinsa kenan. Alli gari ne kawai aka dunƙule, ba ya shiga cikin zaren yadi yadda tawada ke shiga, a sama-sama yake zama, dalilin da ya sa muke son sa ma kenan tunda in an gama kakkaɓewa kawai za a yi, to kinga abin da kakkaɓa ke fitarwa ai ba zai jure a naɗe shi a cusa ta maƙogwaron keke ana ja ana turawa ba. Tafin hannunki na goge shi, yadin na gugar ɗan uwansa in kin naɗe, ga jijjigar keken ita ma, ki lura wata rana in kin taka da gudu za ki ga allin da ke gaban allura yana tsalle yana watsewa tun kafin ki iso wajen.

Ni dai ba na zana bargo gaba ɗaya da alli, sam. Iya inda zan ɗinke a zama ɗaya nake zanawa, ganye uku ko huɗu, in ɗinke su in matsa gaba in sake ɗora stensil. Na san za ki ce to ya za a yi ganyayen su haɗu daidai in ba lokaci guda aka zana su ba, to nan ne zare yake shigowa. Ki shimfiɗa bargon ki ɗauki allurar hannu da zare mai kala daban, fari tunda naki mai duhu ne, ki yi manyan ɗinkin riƙo tsalle-tsalle, ɗaya ya ratsa tsakiyar bargon a tsaye ɗaya a kwance, sannan ki bi tsakiyar kowane gefe inda jijiyar ganyen za ta bi, duk inda stensil zai fara da inda zai ƙare ki sa ɗan gicciye da zaren. Shi zare duk naɗin da za ki yi yana nan, in kin gama ki zare abinki. Kuma ki yi lissafi tun da wuri, misali in gefen santimita 180 ne stensil ɗin kuma 30 kin san sau 6 zai zauna cif, in bai rabu daidai ba sai ki ɗan ja ko ki ɗan matse kowanne kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai gane ba, kar ki bari sai kin zo kusurwa ki tarar da rabin ganye, wannan yana ci min rai in na gani a aikin mutane wallahi.

Maganar lotsawa kuma, ki cusa katako mai santsi ko babban littafi mai tauri a ƙarƙashin wajen da za ki zana, ki ɗame yadin da yatsu biyu, allin kuma gajeru-gajeru za ki dinga ja kar ki ce sai kin fitar da dogon layi a ja ɗaya. Ko ki daka allin ya zama gari ki ƙulle a tsohuwar safa ki dinga shafawa a kan stensil ɗin. Shafawa fa na ce banda bubbugawa, in kika bubbuga gari zai yi yawa ya shige ƙarƙashin robar layin ya yi faɗi ki rasa ina ne tsakiyarsa. Sannan daga tsakiyar bargo ake fara ɗinki a fito waje, kenan gefen da ganyayenki suke shi ne na ƙarshe kuma shi ya fi shan naɗi da hannu, babu dalilin zana shi tun farko.

Malam Tela:

Hajiya ta faɗi mai wuyar. Ni ba mai kwilt bane sosai, kwat da riguna na fi yi, amma alli kam kullum yana hannuna don haka bari in ƙara kaɗan. Malama ki duba wane irin alli ne a hannunki don ba ɗaya suke ba. Akwai na laka wanda in kin murza a yatsa za ki ji gari-gari, shi ne mai saurin fita. Akwai mai kakin zuma a ciki, in kin kankare shi da farce sai ya naɗe ba ya zuba, wannan yana kama yadi da kyau ba ya gogewa da hannu, dutsen guga ke narkar da shi. To amma don yadin ulu mai kauri aka fi yinsa, shi ulu yana shanye kakin ba a gani, a kan auduga mara kauri ko yadi mai sheƙi yana iya barin layin maiƙo. Kar ki ji na ce yana kamawa ki ruga ki zane bargo da shi, ki gwada a ƙyalle tukuna.

Na biyu ki dinga fiƙe bakin allin, da reza ko bakin almakashi a buɗe. Mutane suna ganin in layi ya yi kauri ya fi daɗewa, a'a, siririn layi da ya shiga tsakanin saƙar yadin ya fi tulin gari da ke zaune a sama. Wata dabarar kuma ki ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe ki dinga dangwala bakin allin kafin ki ja, lokacin da kike ja kamar bai fito ba amma yana bushewa zai yi fari fat kuma ya fi busasshe zama.

Amma tunda yadinki mai duhu ne ni da sabulu zan baki shawara. Ragowar sabulun wanka da ya sirance ya zama falle, ki bar shi ya bushe ƙarau ki fiƙe gefensa, yana zana layi siriri fari kuma hannu ba ya ɗauke shi da sauri irin na alli, wanki ɗaya ya tafi tunda dama sabulu ne. Fari dai za ki nema mara mai a ciki, waɗannan masu laushin fata ɗin maiƙo gare su. Abu ɗaya, tururin guga yana ɓatar da shi, in kin zana kar ki kai dutse wajen.

Uwar Zare:

Feshin gashin nan da aka faɗa miki yana yi, ni ina amfani da shi in garin alli na shafa ta stensil. Ɗan danƙon da ke cikinsa da yake riƙe gashi shi ne yake manne garin a jikin yadi. Amma akwai yadda ake yi, ki ɗaga gwangwanin sama kamar tsawon kamu ɗaya daga yadin ki fesa sama-sama ya sauko a hankali kamar raɓa, in kika matso kusa iskar gwangwanin kanta za ta hure allin kafin ruwan ya sauka, in kuma kika jiƙa shi sharkaf allin zai narke ya bazu. Ki bari ya bushe sosai kafin ki kai keke in ba haka ba allura za ta yi danƙo zare ya dinga tsinkewa ko keken ya dinga tsallake ɗinki. Ki nemi na gwangwani mara mai mara ƙyalli, kuma ki buɗe taga don warin ba daɗi. Sannan ki sani duk bargon da kika fesa wa wannan dole sai an wanke shi bayan an gama, kakkaɓa ba za ta fitar ba kuma, in kin san aikin na ratayewa a bango ne da ba za a wanke ba to ki bar shi kawai.

Akwai kuma masu dama garin alli da sifirit ya yi ruwa-ruwa su shafa ta stensil da ɗan soso, sifirit ɗin yana tashi nan da nan ya bar allin a manne. Yana kamawa fiye da na feshin ma, amma farin sifirit fa, akwai wanda ake sa wa kala ruwan hoda ko shunayya, wannan kar ki kusanta da yadi.

Abin da na fi so ki kiyaye shi ne alli mai kala. Fari kusan kullum yana fita, amma rawaya da shuɗi da ruwan hoda rini ne a ciki, rawaya ma ta fi kowa taurin kai, in kika fesa mata wani abu ko kika jiƙa ko dutsen guga ya bi ta kai to sai dai haƙuri, musamman a farin yadi, har farin zaren da ya bi ta kan layin yana kwasar kalar. Kusan duk dabarar da ke sa alli ya zauna tana ƙara masa wuyar fita ne, shi ya sa ni kafin in taɓa bargo sai na haɗa ɗan ƙyalle da ragowar yadin da faiba, in zana in fesa in ɗinke in wanke in shanya in gani da idona.

Ɗan Keke:

Ni gaskiya ban yarda da feshin gashi ba Anti Uwar Zare ki yi haƙuri, ina gyaran keke ina ganin yadda danƙo da garin alli suke haɗuwa su taru a haƙoran keke da gidan bobin. In ma za a yi to a dinga buɗe farantin allura ana sharewa da burushi duk bayan aiki, ko alli zalla aka yi amfani da shi ma ya kamata a share don garin yana shanye man keke.

Kan biron kuma Malama, in FriXion ake nufi na kamfanin Pilot na Japan, don takarda aka yi shi ba don yadi ba. Tawadar ba fita take yi ba, kalarta ce ke ɓuya in zafi ya kai wajen digiri 60, tana nan zaune a cikin yadin, in ta sha sanyi mai tsanani wajen digiri 10 ƙasa da sifili sai ta dawo, ki gwada ki zana a ƙyalle ki goge ki jefa a firiza ki gani. Kuma a yadi mai duhu irin naki yana barin wani fari-farin layi bayan guga wanda wanki ma ba lallai ya fitar ba, an gudu ba a tsira ba kenan. Ballantana ma baƙar tawada a shuɗi mai duhu ina za ki gan ta.

Uwar Zare:

Maganarka gaskiya ce kan shara, ni ma ina sharewa. Tunda an shiga batun biro, shuɗin nan mai fita da ruwa yana da kyau a yadi mai haske, sharaɗinsa ruwan sanyi zalla za a fara wanke shi da shi kafin sabulu, kuma kar a goge kar a bar shi a rana, zafi yana kama shi wani sabulun kuma yana mayar da shi ruwan ƙasa. Mai ɓacewa da kansa ɗin nan na shunayya kuma bai dace da babban bargo ba, in iska na da laima kafin ki dawo daga wani aikin ya tafi. Na yadi mai duhu akwai farin biro na kamfanin Clover, in kin ja ba ya fitowa nan take sai ya ɗan bushe, ruwa ko guga ke ɗauke shi, shi ma dai a gwada a ƙyalle.

Mai Allurar Hannu:

Sannunku. Ni da hannu nake ɗinka nawa a firam, wato katakon da ake ɗame bargo a kai, kuma mu matsalar ta fi damunmu don bargo ɗaya yana daɗewa a hannu ana jingina da shi ana ɗagawa ana ajiyewa. 'Yar uwa waɗancan layukan na tsakiya masu gitta juna ba sa buƙatar alli ko kaɗan. Ki samu tef ɗin takarda irin na masu fenti ki manna a miƙe ki bi gefensa da ɗinki, ki ɓare ki matsar da shi gaba, guda ɗaya zai yi miki layi da yawa kafin danƙonsa ya mutu, faɗin tef ɗin ma shi zai zame miki ma'aunin tazara. Kar dai allura ta hau kansa kuma kar ki bar shi ya kwana a jiki don yana barin danƙo. Ko kuma hera, wata 'yar roba ce mai baki kamar wuƙa amma ba ta yanka, asalinta daga masu ɗinkin kimono na Japan, rula za ki ɗora ki ja ta da ɗan ƙarfi sai ta bar kari a yadin, babu gari babu tawada babu abin wankewa, kuma faibar da ke ba ki wahala da alli ita hera taimakonta take yi don karin ya fi zurfi a kan abu mai laushi. In babu hera bayan wuƙar tebur mara kaifi ma yana yi. Fitila dai za ki ajiye ta gefe yadda hasken zai kwanto, in daga sama yake ba za ki ga karin ba.

Wannan ba sabon abu bane, masu kwilt na arewacin Ingila tun da da dakusasshiyar allurar ulu suke yi, su ɗora samfurin zanen su kwantar da allurar su zagaye shi ta bar kari, iya inda hannu zai kai a firam, su ɗinke su naɗe su sake. A yankin Allendale na can kuma a ƙarshen ƙarni na 19 akwai masu sana'ar zanawa kawai, irin su George Gardiner da almajirarsa Elizabeth Sanderson, a aiko musu da yadi su zane shi gaba ɗaya a mayar wa mai shi ta ɗinka, to su da shuɗin fensir suke yi don alli ba zai kai gida ba, kuma har yau akwai tsofaffin bargunan da ake ganin shuɗin layin nan a ƙarƙashin ɗinki. Ni dai abin yana burge ni in na gani a hoto, amma na san mai sayen bargo yanzu ba za ta karɓa da layi a jiki ba.

Ganyayen kuma tunda da keke kike yi, ki gwada takarda mara kauri irin ta kwafin zane. Ki zana ganyen a falle ɗaya, ki jera wasu fallayen a ƙarƙashi ki soke su tare, ki cire zare daga keken ki bi zanen da allura zalla, duk za su fito da huda-huda iri ɗaya. Sai ki soke falle a kan bargon da fil ki ɗinke ta kan hudar ki yage takardar. Ki ɗan rage tsawon ɗinki don ta yagu cikin sauƙi, kuma wanda kika zana da fensir ɗin kar ki ɗinka ta kansa, baƙin fensir yana bin allura ya ɓata zare. Tsince guntayen takarda a ƙarƙashin ɗinki ne dai aiki, da ɗan hantsaki nake cirewa ko in murza da jiƙaƙƙen yatsa.

Sabuwar Hannu:

Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Na yi ƙyallen gwaji kamar yadda Anti Uwar Zare ta ce, na ja layi da busasshen alli da jiƙaƙƙe da sabulu na murtsuke shi a hannu, busasshen ya tafi, jiƙaƙƙen ya rage rabi, sabulun yana nan ana gani sarai, don haka sabulun zan bi a ganyayen, tef kuma a tsakiya. Sai dai bakin sabulun ba ya shiga ramin stensil ɗina a wajen lanƙwasa, karyewa yake yi. Sannan inda na riga na ɗinke akwai allin da ya maƙale a ƙarƙashin zaren ya ƙi fita da kakkaɓa, in sa ruwa ne?

Anti Mai Faiba:

Kar ki fara da ruwa ƙanwata, in gari ya jiƙe a ramin ɗinki sai ya zama kunu ya ƙara shigewa. Ki fara da busasshen buroshin haƙori mai laushi ki bi layin ɗinkin a hankali, ko ki dunƙule ragowar yadin nan ko guntun faiba ki goga, yadi yana ɗauke alli daga jikin ɗan uwansa sosai. Abin da ya rage ki bar shi, fari ne wankin ƙarshe zai tafi da shi, dutsen guga dai kar ya hau wajen kafin nan.

Sabulun kuma ki yanka shi da reza ƙanana-ƙanana kamar faɗin farce, ƙaramin ya fi juyawa a lanƙwasa, kuma ba sai kin ja layi a ramin ba, ɗigo-ɗigo za ki yi ki ɗage stensil ɗin ki haɗa su da hannu. Ko ki sake yanka ganye ɗaya cikakke da kwali mai tauri ki dinga zagaye shi ta waje, ki manna ɗan sanfefa a bayansa don kar ya zame. Jijiyoyin cikin ganyen ma ba sai kin zana duka ba, ta tsakiya kawai ki ja, ƙananan kina yin ganye kaɗan hannunki zai riƙe su. Wane zare kike ɗinkin da shi ne, shuɗi irin yadin ko mai haske? In mai haske ne ki turo hoton inda kika riga kika yi in ga tsawon ɗinkin kafin ki shiga gefe.